Darasi na 9: Riƙon Maraya Bayan Sadakar Arba'in

MANUFOFIN DARASI

Idan aka kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:
1. bambanta riƙo da mayar da ɗan wani naka;
2. bayyana aikin jami'in walwalar jama'a a gidan da ya karɓi yaro;
3. gane alamun firgici da na tamowa, da sanin inda za a kai yaro;
4. lissafa gadon maraya, ya kuma rubuta shi a gaban shaidu.

1. Yadda yara ke komawa hannun dangi

Batsari da Safana maƙwabtan juna ne a yammacin jihar Katsina, dukansu sun jingina da Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, yawancinsu manoma da makiyaya. Daga wannan daji ne masifar 'yan bindiga ta riƙa fitowa. A watan Mayun 2019 an kashe manoma 18 a 'Yar Gamji. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duk a ƙasar Batsari. Sulhun da al'ummomin yankin suka shiga a 2025 ya sa wasu sun koma gona, amma bai dawo wa kowane yaro da ubansa ba.

Yaran nan ba gidan marayu ake kai su ba. Gidan marayu yana birni, kuma Bahaushe na ganin abin kunya ne ɗan ɗan'uwansa ya kwana a can alhali dangi na raye. Ranar sadakar uku ko ta bakwai ake yanke magana. Baffa ya ce namijin nasa ne, gwaggo ta ce za ta tafi da macen, kaka ta rungume na goye idan uwar ma ta rasu. Jama'a su sa albarka, a shafa fatiha.

Wannan ranar ita ce mai sauƙi. Bayan arba'in masu kawo kwanon tuwo sun daina, 'yan gaisuwa sun koma garuruwansu, uwar yaran ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10, wataƙila ta yi wani auren. Sai a bar baffa da bakin da ya ƙaru a kan nasa takwas, shi ma kuwa gonarsa tana bakin daji, shekara biyu bai nome ta ba. Wannan darasi a kan abin da ke biyo bayan arba'in ɗin yake.

AKWATIN KALMOMI (1)
Maraya: a fiƙihu, yaron da ubansa ya rasu kafin ya balaga. A maganar yau da kullum, har wanda ya rasa uwa.
Riƙo: ɗaukar nauyin ci da sha da tarbiyyar yaron da ba kai ka haife shi ba. Malamai na ce masa kafala.
Mariƙi, mariƙiya: wanda ya karɓi yaron.
Agola: yaron da uwarsa ta tafi da shi gidan sabon mijinta.

2. Riƙo daban, mayar da ɗa naka daban

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ba sai an yi mutuwa ba. Ana kai ɗan fari wurin kaka bayan yaye saboda kunya, ana ba wadda ba ta haihu ba 'yar ƙanwarta. Baba ta Karo, dattijuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi har ta aurar da su. Bambancin shi ne a da mai hali ake ba riƙo, a cikin kwanciyar hankali. Yanzu riƙon ne ke faɗo wa mutum da tsakar dare.

A Amurka da Ingila tsarin wani ne. Hukuma kan karɓi yaro daga gidan da bai da lafiyar zama, ta ajiye shi na wucin gadi wurin iyalin da ta tantance. In komawa gida ta gagara, kotu na iya mayar da shi ɗan wani iyali ɗungurungum: ya ɗauki sunansu, ya gaje su. Musulunci bai yarda da wannan mataki na ƙarshe ba. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab sun yi umarni a kira kowane yaro da sunan ubansa, kuma daga nan aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Annabi Muhammadu (SAW), duk da irin son da yake masa.

Dokokin duniya sun san da wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari.

Abu uku ke biyo bayan wannan bambanci, kuma ya kamata mariƙi ya san su tun ranar farko. Yaro zai ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, a makaranta da takardar haihuwa da ko'ina. Riƙo kaɗai ba ya sa gado. Riƙo kuma ba ya sa muharramaka: yarinyar da ta tashi gidan baffanta, ɗan baffan na iya aurenta. Shayarwa ce ke canza wannan. Idan matar gida ta shayar da jariri a cikin shekara biyun farko, ya zama ɗanta na shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, kuma a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa ya wadatar. Saboda haka duk wadda ta shayar da maraya ta faɗa wa dangi, a rubuta, tun kafin shekara 18 ta wuce a zo ana warware baiko.

3. Jami'in walwala: me ya zo yi?

A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen da ke kula da ilimi da walwalar jama'a, a Katsina kuma akwai Ma'aikatar Harkokin Mata. Mutane da yawa sun ɗauka aikin waɗannan jami'ai shi ne rabon shinkafa, ko kuma ƙwace yaro. Ainihin aikin shi ne a tallafi gidan don yaron ya zauna. Raba yaro da dangi shi ne mataki na ƙarshe, sai an tabbatar ana cutar da shi.

Akwai dalilin da ya sa masana suka nace wa gida. A shekarar 2000 wasu masana daga Amurka suka fara bin yara 136 da ke gidajen marayu a Bukares, babban birnin Romaniya. Aka mayar da rabinsu hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma gidaje sun fi sauran kaifin fahimta da shaƙuwa da masu renonsu, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa idan ana ba da wannan labari: iyalan ba a sake su haka nan ba. Ana biyan su, kuma jami'an walwala na zuwa gidajensu a kai a kai.

Ruwanda ta fi kusa da halin da ake ciki a nan. Kisan ƙare dangi na 1994 ya bar mata marayu masu ɗimbin yawa. A 2012 ta yanke shawarar mayar da yaran gidajen marayu cikin iyalai, daga baya ta sa kowane ƙauye ya zaɓi 'yan sa-kai biyu, mace da namiji, masu zagaya gidaje suna duba yara, su kai rahoton abin da ya fi ƙarfinsu ga jami'in gunduma. Babu abin da zai hana garuruwan yankin nan, irin su Wagini ko Ruma ko Runka ko Zakka, yin haka. Jami'i ɗaya ba zai iya zaga ƙaramar hukuma ba, balle a hanyar da ba kullum take biyuwa ba, amma kowace unguwa tana da ungozoma da malamar Islamiyya da liman waɗanda ke shiga gidaje ba tare da an tsargu ba. Zumunta a ƙafa take, aikin walwala ma haka.

AKWATIN KALMOMI (2)
Jami'in walwalar jama'a: ma'aikacin da aka horar don taimakon iyalai da yara masu rauni, da haɗa su da asibiti, makaranta ko kotu.
Ziyarar bibiya: komawa gidan riƙo lokaci bayan lokaci don ganin yadda yaro da mariƙansa suke.
Sirri: abin da aka ji a gida ba a kai shi majalisa ko bakin rijiya, sai ga wanda zai taimaka.

Misali na 1: Ziyarar farko

A ɗauka wata dattijuwa ce a cikin garin Batsari, ta karɓi jikokinta biyu da suka gudo daga ƙauye, yarinya mai shekara 9 da ƙaninta mai shekara 3. Jami'a ta fara biyawa ta wurin mai unguwa, sannan ta yi sallama.

"Ina wuni, Inna? Ya ƙarin haƙuri?"
"Da godiya, 'yar nan. Shigo daga ciki."
"Inna, ke na zo dubawa. Ya ƙafar? Kina samun barci kuwa?"

Lura da inda ta fara. Ba ta tambayi yaran ba tukuna, domin da ta buɗe baki da "me suka ci yau", tsohuwar za ta ji ana tuhumarta, ta ce komai lafiya lau. Da aka tambayi lafiyarta sai maganar ta fito da kanta: yaron yana farkawa da ihu, yarinyar kuma ita ke tallan dafaffen rogo da ake cefane da kuɗinsa, shi ya sa ba ta zuwa makaranta.

Jami'ar ba ta ce a daina talla yau ba, don ta san in an daina ba za a ɗora tukunya ba. Abin da suka shirya da Inna shi ne: yarinya ta je makaranta da safe, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, rogon a kasa shi a ƙofar gida da yamma inda idon kaka ke kai, a je wurin hedimasta tare don kada rashin takardar canjin makaranta ya zama hujja, a yi wa yaran rajistar haihuwa a wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan mahaifinsu. Ta kuma nemi a kira kawun yaran da ke aiki a Katsina, a yanka masa abin da zai riƙa aikowa duk wata, ko yaya yake. Sannan ta faɗi ranar da za ta dawo, ta kuma dawo a ranar.

4. Yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba

Nan ne mariƙa suka fi shan wahala, nan ne kuma aka fi yi wa yara mummunar fahimta. Yaron da ya ga an harbi ubansa, ko ya kwana a gonar dawa yana jin harbi, jikinsa ba ya mantawa da wuri. Yana iya komawa fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Yana iya shigewa ƙarƙashin gado da ya ji ƙarar babura. Wani ya daina magana, wani ya zama mafaɗaci, wani ya riƙa ɓoye tuwo a cikin riga ko da ya ƙoshi, saboda ya taɓa kwana biyu a daji bai ci ba.

A gida sai a ce ya lalace, ko ɓarawo ne, ko maraicin ne ya sa shi taurin kai. Sai bulala. Bulala kuwa ƙara tabbatar masa take yi cewa babu inda ya tsira.

Abin da ke taimako ba ya cin kuɗi. Lokacin ci da na barci su zama sanannu, kullum iri ɗaya. Ya kwana kusa da babban da ya yarda da shi. In ya jiƙa shimfiɗa a wanke ba tare da an tara masa yara ba. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya faru, kada kuma a hana shi in ya fara da kansa. A bar shi ya ambaci babansa, a nuna masa dangin uban. Kada a raba shi da ɗan'uwansa in da hali, in kuwa an raba su, a riƙa haɗa su ranar Juma'a ko ranar kasuwa. Mai tunanin tura shi almajirci wani gari ya dakata tukuna: yaron da bai gama farfaɗowa daga rabuwa ɗaya ba, ba a ɗora masa ta biyu.

Iyalai da yawa kan fara da addu'a da tofi, kuma jami'i mai hankali ba ya raina wannan. Abin da zai ƙara shi ne a haɗa da asibiti idan wata da watanni sun wuce abin na ƙaruwa, ko yaro ya daina ci, ko yana suma, ko yana cewa gara ya mutu. A fara da asibitin da ke kusa, kamar Babban Asibitin Batsari, su za su tura Katsina in abin ya fi ƙarfinsu.

Ga ƙananan yara akwai haɗari na biyu, wato tamowa, musamman jaririn da aka yaye ba shiri saboda rasuwar uwa. Ma'aikatan lafiya na auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan tef mai launi uku. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura, ranar za a tafi asibiti. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar irin waɗannan yara a jihar Katsina tun 2021.

AKWATIN KALMOMI (3)
Firgici: tsoron da ke zama a jikin mutum bayan ya ga tashin hankali, ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke.
Tamowa: ramewa ko kumburi saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

5. Sauran mutanen gida

Namiji ne ke cewa "na ɗauka" a zaure, amma mace ce ke wanka da wanki da tashin dare. Idan ba a nemi shawararta ba, haushin a kan yaron zai sauka. Jami'a za ta keɓe da matar gida ta ji ta bakinta, in akwai kishiya a fayyace ɗakin da yaron zai zauna. 'Ya'yan gida ma suna da nasu ƙorafin, tunda tabarmarsu da kwanonsu aka raba. Ma'auni mai sauƙi shi ne a duba abu uku: kwano, makaranta, kayan sallah. In ɗan riƙo na samun irin na 'ya'yan gida a waɗannan, gidan na kan hanya. In 'yar riƙo ce kaɗai ke ɗiban ruwa da surfe ana tafiya makaranta a bar ta, riƙon ya fara komawa bauta.

Rikicin wa zai riƙe yaro ma yana tasowa, galibi idan uwa za ta yi aure. Al'ada na cewa ɗa na dangin uba ne. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Katsina ke bi, ya ba uwa reno, in ta auri bare renon ya koma wurin mahaifiyarta kafin a zo ga dangin uba. Idan mai unguwa da dagaci sun kasa sasantawa, sai a je gaban alƙali maimakon a riƙa jan yaro tsakanin gida biyu.

6. Dukiyar maraya

Suratun Nisa'i ta yi magana mai zafi a kan wannan: aya ta 10 ta yi wa mai cin dukiyar maraya da zalunci alkawarin wuta, aya ta 6 kuma ta ce a miƙa masa kayansa idan ya balaga aka ga hankalinsa, a kafa shaidu. Yawancin mariƙa ba da niyyar ci suke farawa ba. Rashin rubutu ne ke kai su: a sayar da akuya ɗaya ranar da ba hatsi, a jinginar da gona ranar da aka nemi kuɗin fansa, shekara goma ta wuce ba wanda ya tuna adadi.

Misali na 2: Lissafin gado

Wani magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, 'ya ɗaya. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza an biya bashi, abin da ya rage ya kai N480,000.
Matar tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8: N480,000 ÷ 8 = N60,000.
Saura: N480,000 − N60,000 = N420,000.
Namiji na da rabon mata biyu, sai a kasa uku: N420,000 ÷ 3 = N140,000.
'Yar ta sami N140,000, ɗan ya sami N280,000.

Baffan da ya karɓi yaran ba shi da ko sisi a ciki; amana ce a hannunsa. Zai sayi littafi ɗan naira kaɗan, ya rubuta abin da ya karɓa, liman da mai unguwa su sa hannu, uwar yaran ta riƙe kwafi. Duk abin da ya kashe wa yaran daga ciki, magani ko kayan makaranta, ya rubuta da kwanan wata. Gona kuwa kada ya sayar sai da izinin alƙali.

Mariƙin da ke son ɗan riƙonsa ya sami wani abu daga tasa dukiyar yana da hanya biyu: ya ba shi kyauta tun yana raye, a damƙa a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, muddin yaron ba ya cikin magadansa. Mai N900,000 zai iya yin wasiyyar da ta kai N300,000. Gidan da ba gado ba dukiya, jami'i ya taimaka masa ya kai sunan yaran ga kwamitin zakka na masallaci da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

AKWATIN KALMOMI (4)
Tumuni: kashi 1 cikin 8. Sulusi: kashi 1 cikin 3.
Wasiyya: abin da mutum ya ce a ba wani daga dukiyarsa bayan ya rasu.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo abu uku da riƙo ba ya canzawa a rayuwar yaro.
2. Wace shekara jihar Katsina ta yi dokar kare yara?
3. Me ya sa jami'ar da ke Misali na 1 ta fara da tambayar lafiyar Inna?
4. Yaro mai shekara 7 ya koma fitsarin kwance bayan an kai hari ƙauyensu. Me za ka shawarci mariƙiyarsa ta yi, me kuma za ta bari?
5. Tef ɗin awon damtse ya nuna santimita 11. Me ya kamata a yi, kuma yaushe?
6. Mutum ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa ba su raye. Bayan biyan bashi an sami N800,000. Lissafa rabon kowa.
7. Mariƙi yana da N600,000. Nawa ne iyakar wasiyyar da zai iya yi wa ɗan riƙonsa?
8. Aikin rukuni: ku zauna uku-uku, ku faɗi mutum biyu a unguwarku, mace da namiji, da za su iya ziyarar bibiya irin ta Ruwanda. Ku rubuta tambayoyi biyar da za su yi a gidan riƙo ba tare da sun kunyata mai gida ba.